Amsa kan nikel da ke ɗayewa daga siririn sitenles

Malam, ka ce falle ne na sitenles nau'in 304 mai kaurin milimita 0.05, kana tsoma shi a ruwan nikel don rufa masa nikel da wutar lantarki ya fito fes, amma da ka lanƙwasa sai rufin ya ɗaye kamar ɓawon albasa, shi kuma fallen ya nannaɗe. Na sha wannan wahalar, har na yi ta zargin mai sayar mana da sinadari, ashe laifin nawa ne.

Shi 304 yana da kuromiyam kusan kashi 18 cikin ɗari. Da ya shaƙi iska sai wata fata ta rufe shi wadda ido ba ya gani. Ita ke hana shi tsatsa, ita ce kuma ke hana nikel kamawa. Ko ka wanke ta da asid, kafin ka kai shi baho na gaba ta dawo. Abin da ya fitar da ni shi ne shimfiɗar farko da ake kira Wood's strike: giram 240 na nickel chloride da kamar mililita 120 na asid ɗin hydrochloric a kowace lita, ba dumamawa, wuta kamar amfiya 5 a kowace dm² ta fuskar fallen (wato fili mai tsawon santimita 10 da faɗin santimita 10), minti biyu zuwa uku. Kumfa za ta yi ta tashi, kada ka tsorata, aikin ke nan. Daga nan ɗauraya da sauri, a jiƙe ka jefa shi babban bahon nikel. In ka tsaya amsa waya ya bushe, ka koma farko.

Kafin duk wannan, cire maiƙo. Zuba masa ruwa ka duba: in ya kwanta bai ɗaya, ya wanku, in ya tsattsaya ɗigo-ɗigo, da saura. Shatin yatsa ɗaya ya isa ya ɓata maka falle, sa safar hannu.

Nannaɗewar kuwa, ruwan Watts, wato ruwan nikel da aka saba amfani da shi, yana barin nikel a ɗame, siririn falle ba shi da ƙarfin ja da shi. Koma ruwan nikel na sulphamate, wanda ba ya ɗame rufin haka, zafi kamar digiri 50, ka rataya anod, wato nikel ɗin da ke narkewa cikin ruwan, a gefe biyu na fallen don fuskokin su sami kauri ɗaya. Ni a firam na roba nake ɗaure fallen, ya miƙe, ya kuma kare bakin, don can wuta ke taruwa ta ƙona.

Gwaji kuwa salatif ne: karce rufin da reza, manna, fizge. Kuma a yi aikin inda iska ke wucewa, tururin asid ɗin nan ba ya wasa da ƙirji.