Wa ya ƙone birnin Magdeburg a 1631?

Tambaya: Malam, ina koyar da tarihi a sakandare, kuma wani saƙo da ke yawo a WhatsApp ya rikita ɗalibaina. Yana cewa Fafaroma ne da kansa ya ba da umarnin a ƙone birnin Magdeburg na Jamus, a hallaka duk ɗan Furotesta da ke ciki. Ina tsoron in ƙaryata shi a ce ina rufa asirin kisan gilla.

Amsa: Malam, kisan gillar ya auku, babu mai musun sa. Ranar 20 ga Mayu 1631, bayan dogon ƙawanya, rundunar Ferdinand na biyu, sarkin Daular Roma Mai Tsarki da ta haɗa ƙasashen Jamus, da ta ƙawancen Katolika, ƙarƙashin Janar Tilly da Pappenheim, ta keta ganuwar birnin, kuma kimanin mutum 20,000 suka mutu, wasu a kaifin takobi, da yawa a cikin gobara. An kwashe kwanaki ana zuba gawarwaki a Kogin Elbe. Ƙidayar 1632 ta samu mutum 449 kacal a birnin.

Amma batun umarnin Fafaroma shaci-faɗi ne, kuma na gaji da jin sa daga bakin mutanen da ba su taɓa buɗe littafi kan Yaƙin Shekara Talatin ba, wato yaƙin Turai da wannan kisa ya auku a cikinsa. Tilly ba toka yake nema ba, birni yake so. Sojojinsa na haya ne, yunwa ta ci su, albashi ya makale, ga sarkin Suwidin Gustavus Adolphus yana matsowa daga arewa. Magdeburg mai rumbuna da mashigar Elbe ita ce sansanin da zai ciyar da rundunarsa, saboda haka da birnin ya ƙone shi ma asara ya tafka, har ya tilasta masa kutsawa ƙasar Saxony neman abinci. Ko wanda ya kunna wutar masana ba su daidaita a kansa ba: wasu na ɗora wa mutanen Pappenheim, yayin da marubutan ɓangaren Katolika suka zargi Falkenberg, kwamandan da Suwidin ta turo don kare birnin, wanda aka kashe a ranar. Abin da ya tabbata shi ne al'adar yaƙin zamanin, cewa duk birnin da ya ƙi miƙa wuya aka ci shi da ƙarfi, ya zama ganimar soja. Sojan da ya fasa ƙofa kuɗin fansa yake tambaya, ba aƙida ba.

Masu yaɗa saƙon su amsa mana wannan: in yaƙin na Katolika da Furotesta ne zalla, me ya sa Faransa, ƙasar Katolika da Kadinal Richelieu ke juya akalarta, ta sa hannu a yarjejeniyar Bärwalde a Janairun 1631 tana biyan Suwidin kuɗin yaƙi? Me ya sa sarkin Saxony, ɗan Furotesta, ya mara wa Ferdinand baya a 1620? Ba su da amsa, domin tura saƙo ya fi karatu sauƙi.

Sai dai kada ka wanke addini tas. Dokar 1629 da ta umarci a mayar wa cocin Katolika kadarorin da aka karɓe ita ce ta tura Magdeburg hannun Suwidin. Bayan cin birnin an mayar da babbar majami'arsa ta Katolika, kuma Fafaroma Urban na takwas ya aika da taya murna. Abin Allah wadai ne, amma murna bayan aiki daban take da umarni kafin sa. Ka kuma gaya wa ɗalibanka cewa kimanin mutum 1,000 da suka fake a majami'ar, Tilly ya bar su da ransu.

Labarin ya bazu cikin ƙasidun ɗab'i, Saxony ta koma ɓangaren Suwidin, kuma a Satumbar 1631 Suwidin ta fatattaki Tilly a yaƙin Breitenfeld.