Me masu nazarin al'adu suke nema a wurin masu duba?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a. A darussanmu na wannan zangon na ga har da duba da ilimin taurari, abin ya ɗaure min kai. Shin masu nazarin al'adu sun yarda waɗannan abubuwa gaskiya ne? In ba su yarda ba, me suke nema a ciki? Sannan bugun ƙasa da ake yi a garuruwanmu, namu ne ko baƙo?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, ba bokanci za a koya miki ba. Hukuncin addini a kan duba sananne ne, hadisin da ya ce wanda ya je wa mai duba ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba yana cikin Sahihu Muslim. Mai nazarin al'adu wata tambaya ce ta dame shi: me ya sa kusan duk al'ummar da aka bincika sai an tarar tana da hanyarta ta duba, kuma wane aiki abin yake yi mata?

Wanda ya fi kowa warware wannan a ganina shi ne Evans-Pritchard, Baturen Ingila da ya zauna da kabilar Azande a kudancin Sudan tsakanin 1926 da 1930, littafinsa ya fito a 1937. Rumbun Azande a kan dirkoki yake, mutane kan fake a ƙarƙashinsa in rana ta take. Wata rana sai ya rufto ya danne mutane. Kowa a garin ya san gara ce ta cinye dirkokin, ba sai an faɗa musu ba. Abin da suke so su sani shi ne, me ya sa ya faɗo daidai lokacin da wane da wane suke zaune, bai faɗo da safe da ba kowa ba? Gara ba ta da amsar wannan. Su a wurinsu amsar maita ce, kuma duba ne yake nuna mayen.

Ga yadda ya tarar suna yi. Akwai wata guba da suke kira benge, daga wata itaciyar kurmi ake samunta. A tafi bayan gari da 'yan tsaki, a ɗura wa ɗaya, mai tambaya ya yi ta yi wa gubar jawabi: in wane ne ya kama ɗana, kashe kazar, in ba shi ba ne, bar ta. In ta mutu ba a tsaya nan ba, sai a ɗauko ta biyu a juya tambayar, yadda sai wannan ta rayu kafin hukuncin farko ya tabbata. Daga nan a yanke fiffiken kazar da ta mutu, a aika wa wanda ake zargi. Shi kuma ya guntsi ruwa ya fesa a kan fiffiken, ya ce in ma akwai maita a cikinsa bai sani ba, kuma ya janye. Shi ke nan, magana ta mutu.

Ki lura da abin da ya faru. Zargin da zai iya kaiwa ga zubar da jini ya bi ta kan kaza ya fita, ba wanda ya nuna wani da yatsa, domin benge ne ya faɗa. In kuma hukuncin ya ƙaryata daga baya, uzuri a shirye yake: gubar ta lalace, ko mai ɗurawa ya karya sharaɗi, ko wani maye ya sa hannu. Shi ya sa kuskure ɗaya ba ya girgiza imaninsu. Sai dai ba kowa ke da bakin tambaya ba. Kaji da guba kuɗi ne, mata ba sa zuwa wurin, kuma a da hukuncin benge na sarki shi ne na ƙarshe. Duk inda kika ga duba, ki tambayi wa yake riƙe da shi.

Bugun ƙasa kuwa baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gari. Larabawa suna kiransa ilmur ramli, kuma Ibn Khaldun ya bayyana shi, ya kuma soke shi, a Muƙaddimarsa ta 1377. Mai bugu yakan baza rairayi ya yi ta ɗiga layuka ba tare da ƙirgawa ba, sannan ya soke ɗigon bibbiyu, abin da ya rage ko ɗaya ko biyu. Layi huɗu ke ba da siffa guda, don haka siffofin ba za su wuce 16 ba. Wannan goma sha shidan za ki sake cin karo da ita a sikidy, duban mutanen Madagaska, da kuma Ifa, duban Yarabawa, inda manyan siffofi 16 da suke kira odu suke haɗuwa bibbiyu su ba da 256. Masana sun daɗe suna gardama kan ko Ifa daga ramli ya samo tushe. Mu ma ba 'yan kallo ba ne a wannan fage: Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci kan hatimai da ilimin asirai.

Taurari ba zan ja ki da nisa ba. A Babila ta ƙasar Iraƙi ta yau aka fara tsara abin, kuma da farko don sarki da ƙasa ake duba sama: yaƙi, yunwa, kusufin wata. Raba sama zuwa buruji 12 da duba ranar haihuwar mutum ɗaya sun zo daga baya, wajen ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Amma kada ki haɗa wannan da dattijon manomi da yake lura da fitowar Kaza da 'Ya'yanta ko lissafin manzilolin wata 28 don ya san inda damina ta kwana. Shi kalanda yake karantawa, kuma a jarrabawa ɗalibai da yawa a nan suke zamewa.