Kwantaccen Dutse da Sauran Tambayoyinku

Wani malamin sakandare daga Sakkwato ya tambayi sunan da ya dace da dutsen da ke samuwa daga yashi da lakar da ruwa ya tara.

Ni dai "kwantaccen dutse" nake cewa, domin kwanciya yashin da lakar suka yi, hawa bisa hawa, har nauyin na sama ya danne na ƙasa suka daskare. Ana gane shi da layukan da ke jikinsa. Wani idan ka murza shi sai yashi ya zubo, wani ya ɓare falle-falle, na farar ƙasa kuma yakan yi kumfa idan aka ɗiga masa asid. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu cewa Hausa ba ta da kalmomin wannan ilimi, alhali ba su taɓa tsayawa bakin rijiya ana haƙa ba, su ji yadda mahaƙi yake rarrabe jar ƙasa da tsakuwa da marmara da yumɓu tun kafin ya cim ma ruwa. Malam, ga Kalambaina nan kusa da kai, inda ake haƙar farar ƙasa domin yin siminti, kamar yadda ake yi a Malbaza ta Nijar. A cikin duwatsun yankin ana samun ɓawon halittun ruwa, shaidar cewa teku ta taɓa kwanciya a wurin. Can ya kamata ka kai ɗalibanka.

Wata ɗaliba daga Maraɗi ta ce ko karin maganar nan, "wanda ya riga ka kwanciya zai riga ka tashi", ta dace da hawa-hawan dutse?

Rabinta kawai. Ƙa'idar da masanin duwatsu Nicolas Steno ya bayyana a 1669 ita ce hawan ƙasa ya girmi na sama, muddin ƙasa ba ta motsa ta kifar da su ba, kuma tsagar da ta ratsa su duka ita ce ƙaramarsu. Amma wanda ya fara kwanciya shi ne na ƙarshen fitowa idan ana haƙa, don haka kada ki rubuta karin maganar a jarrabawa.

Wani kuma ya ce ko "fa" da "tsauni" ɗaya ne?

A'a. Fa shimfiɗaɗɗen dutse ne da ake shanya a kansa, tsauni kuwa hawansa ake yi.