Duk bazara lambuna yana ƙonewa: me zan shuka a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Katsina, muna da ɗan fili a bayan ɗaki wanda bai wuce taku goma ba. Shekara biyu ke nan ina sayen furanni da ciyawar ado a wurin masu sayar da shuka na bakin titi, amma da bazara ta shigo sai su ƙone ƙurmus, ga kuɗin da nake kashewa wajen 'yan garuwa. Na gwada tumatir da latas, ƙwari suka cinye. Na fesa fiya-fiya, bayan mako biyu suka dawo fiye da na da. Ƙadangaru ma suna tsinke min tsiro. Maigida kuma ya ce tara ganye a gida kiran maciji ne. Me zan shuka da zai jure, kuma yaya zan yi da waɗannan halittu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ba hannunki ne ba ya karɓar shuka ba. Yawancin furannin da ake jerawa a bakin titi 'yan ƙasar ruwa ne, sun saba da laima da inuwa. Ke kuwa kina garin da damina ba ta wuce wata huɗu, zafin Afrilu kuma yakan haura digiri 40. Ciyawar ado ta fi kowa shan ruwa, ga shi ba a miya da ita. Da ni ne, ita zan fara cirewa.

Ki koma ga abin da iyayenmu mata suke shukawa a bayan ɗaki tun ba a san famfo ba. Zogale ne kan gaba. Ki binne ƙwayarsa zurfin gaɓar yatsa, cikin mako ɗaya zuwa biyu zai fito. Idan ya kai ƙugunki ki datse kansa, kada ki tausaya masa. Datsewar ce ke sa ya yi rassa ya cika da ganye a inda hannu ke kaiwa. Abin da ba ya so shi ne ruwa ya kwanta a gindinsa. Sai yakuwa, rama, lalo, karkashi, gasaya da kuɓewa, waɗanda ruwan damina kaɗai ke isar su. Tafasa ma da kanta take fitowa, kada ki tuge ta duka. Ko kuka ana iya shukawa don ganye kawai, kamar yadda ake yi a wasu lambuna na Mali: a jiƙa ƙwayar a ruwan zafi ta kwana, a shuka kusa-kusa, a riƙa tsinkar ganyen tana ƙarama. A jikin katanga ki yi layin lalle, shinge ne, ado ne, furensa kuma ƙamshi gare shi. In kina son itacen marmari, rumman ya fi gwanda haƙurin ƙishirwa nesa ba kusa ba, haka ma magarya. A Nijar ana yi wa magarya aure da irin Indiya, 'ya'yanta su ninka na daji girma. Tumatir da latas kuwa ki bar su sai hunturu, daga Nuwamba. A zafi furen tumatir zubewa yake yi.

Amma inda nake so ki fi mayar da hankali shi ne ƙasa, don ko zogale ka dasa a fako wahala zai sha. Ƙasar da rana ke duka tsirara takan yi ɓawo, ruwa ya bi ta kanta ya wuce. Manoman Tawa a Nijar suna da dabarar da suke kira tassa, a Burkina Faso kuma zai, wadda wani manomin can, marigayi Yakuba Sawadogo, ya farfaɗo da ita har ya mayar da fako daji. Rami ne mai faɗin taƙi ɗaya da 'yan kai, zurfinsa kamar santimita 15, a zuba masa taki cikin hannu biyu tun da rani. Gara, wadda muke gani abokiyar gaba, ita ke zuwa cin takin, ta huda ƙasar, ruwan farko ya sami hanyar shiga. Ki yi irin wannan a filinki, nesa kaɗan da tushen gini. Takin ya zama ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake yi. Bayan kin shuka, ki lulluɓe ƙasar da ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa ko busasshen ganye, kaurin yatsu uku. Ganyen da ake sharewa a ƙona kullum da safe, wallahi abin yana yi mini ciwo, abincin ƙasa ne ake mayarwa hayaƙi.

Maganar ruwa kuma, ki sayi sabon tulu ki binne shi har wuya, ki cika shi, ki rufe bakinsa, ki shuka a kewayensa. Ruwan zai riƙa tsatsafowa ta jikin yumɓun kai tsaye zuwa saiwa, sai bayan kwana uku ko huɗu ki ƙara. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk su tafi gindin shuka. Mutum biyar a gida, salla biyar a rana, ai ruwa ne mai yawa ke bin rariya. Ruwan omo ne kawai ban yarda a zuba wa ganyen ci ba, gishirinsa yana taruwa a ƙasa.

To, fiya-fiya. Don Allah ki daina, guba ce mai ƙarfi da ba ta dace da ganyen da yara za su ci ba. Dalilin da ƙwarin suka dawo da yawa kuwa a fili yake. Feshin ya kashe darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, da tsutsa, amma ya haɗa da masu cin su: gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, da zanzaro, wanda ke kwasar tsutsa ya kai ɗakinsa na laka don 'ya'yansa. Darɓa cikin 'yan kwanaki take hayayyafa, maƙiyanta kuwa sai sun ɗauki lokaci, don haka ta dawo ta tarar da fili babu mai tsaro. Kudan zuman da ke kai garin fure daga wannan kabewa zuwa waccan shi ma ya tafi. Idan ƙwari sun yi yawa, ki samo busassun 'ya'yan darbejiya, ki ɓare, ki daka kamar giram 50, ki jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu. Ki fesa gab da magariba, lokacin da zuma ta koma gida, sau ɗaya a mako. Ba ya kisa nan take, hana ƙwaron ci da girma yake yi.

Ki bar ɗoɗɗoya da alayyafo biyu-uku su yi fure, za ki ga zuma da malam-buɗe-littafi sun dawo, ki kuma sami iri. Ki ajiye kasko da ruwa a inuwa, da 'yan duwatsu a ciki don masu sauka su sha. Ki riƙa zubarwa kina sakewa duk kwana biyu, kada sauro ya ƙyanƙyashe. Tsuntsayen za su taɓa miki 'ya'yan itace, gaskiya ne, amma hadisi ya inganta cewa abin da tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi, ga shi kuma suna tsince fara da tsutsa. Ƙadangare ma yawancin abincinsa ƙwari ne; da rani, in ya rasa ɗanye, yakan taɓa tsiro. Tsohon gidan sauro ki kifa a kan shukar har ta yi ƙarfi, shi ke nan. Kwaɗo ko bushiya in sun shigo, ki hana yara jifansu, aikin dare suke yi miki.

Tsoron Maigida kuwa ba na wasa ba ne, ki ba shi haƙƙinsa. Abin da ke jawo maciji shi ne ɓera da maɓoya: tarin itace, tsofaffin bulo, shara, ramin gindin katanga. Ki kawar da waɗannan, ki toshe ramuka, ki sassabe ƙananan rassan lalle yadda ido zai riƙa ganin ƙasa, kada lulluɓin ya wuce kaurin da na faɗa, ki kuma bar hanya fes tsakanin shuka da ƙofar ɗaki. Ramukan tassa ki haƙa su tun kafin ruwa ya sauka, shuka kuma ki jira sai damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni. Bana ki fara da zogale uku, layin lalle da fangali ɗaya na ganyen miya. Rumman ɗin ya jira baɗi, in Allah ya kai mu, lokacin ƙasar ta yi laushi.