Shin Shari'a Ta Gaji Al'adun Larabawan Jahiliyya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a jami'a. An karantar da mu cewa diyya da wasu hukunce-hukunce Larabawa na yin su tun kafin zuwan Musulunci. Abin ya tsaya mini a rai. In haka ne, ashe al'ada ce ba wahayi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Haka ne, ɗana, kuma kada hankalinka ya tashi, domin malamanmu ne da kansu suka ruwaito mana wannan.

Musulunci ya tarar da Larabawa da hanyoyinsu na sasanta jini da na ciniki. Diyyar raƙuma 100 sananniya ce kafin aiko Manzon Allah (SAW), haka nan dangin wanda ya yi kisa su haɗa hannu su biya. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya tabbatar da ƙasama, wato rantsuwa 50 kan kisan da babu shaida, yadda take a jahiliyya.

Amma dubi cinikin salam da kyau, wato biyan kuɗin kaya tun kafin lokacin karɓarsu. Annabi ya iso Madina ya samu mutane na biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin ya nuna. Bai hana ba, sai ya gindaya sharaɗi: mudu sananne, awo sananne, lokaci sananne. Mai gona ya samu abin biyan buƙata, mai saye ya tsira daga gardama ranar karɓa. Riba kuwa, da binne 'ya'ya mata da rai, da hana su gado, ya rushe su ɗungurungum duk da jama'a sun saba da su. Wahayi ne ya yi tankaɗe da rairaya, kuma tabbatarwar Annabi ita kanta Sunna ce.

Saboda haka hukunci shi ne: ana aiki da al'ada in ta game gari, ba ta kuma ci karo da nassin Alƙur'ani ko Hadisi ba. Da Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar ƙwauron mijinta wurin Annabi, cewa aka yi ta ɗibi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon abin da aka saba, ba a yanka mata adadi ba. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya ce hukuncin da aka gina kan al'ada yana sauyawa in ta sauya.

A nan ƙasarmu alƙali zai iya duba al'ada a rikicin kayan lefe. Amma wanda ya hana 'yar uwarsa gadon gona ya ce haka aka gada, wallahi haƙƙinta na wuyansa.

Allah ne mafi sani.