Tambaya da Amsa: Dolfin baƙi ƙirin, cuta ce ko halitta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Tudun Wada, Kaduna. Wani ɗalibina ya nuna mini hoton dolfin baƙi ƙirin har ciki, alhali na littafinmu cikinsa fari ne. Yara suka ce ɗanyen mai ne ya ɓata shi. Me zan gaya musu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah Ya yi wa yaran nan albarka, tambayarsu ta yi mini daɗi.

In dai hoton na gaskiya ne, mai yiwuwa haka aka haifi dabbar. Yawancin dolfin da wel, wato dabbobin teku masu siffar kifi, bayansu duhu ne, cikinsu fari. Ki duba tarwaɗa wajen masu kifi a bakin Kogin Kaduna, haka take. Mai kallo daga sama sai ya ga bayan ya saje da duhun ruwa, na ƙasa kuma ya ga cikin ya saje da hasken sama. Sinadarin melanin ne ke kawo duhun, shi ne dai a fatarmu. Wani lokaci gado kan sa ya yi yawa har ya rufe inda ya kamata ya yi fari. Kishiyar zabiya ke nan. An ga irin waɗannan dolfin a tekun Niyu Zilan, suna iyo cikin 'yan uwansu.

Farare sun fi suna, kamar Migaloo, farin wel da aka fara gani a gaɓar Ostireliya a 1991. A ganina baƙaƙen sun fi yawan da aka rubuta, domin daga cikin jirgi baya ake gani, shi kuwa da ma baƙi ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne rana na ƙona fatar wel. Binciken da aka wallafa a 2010 kan na tekun Kalifoniya, gefen Meziko, ya samu ƙuna a jikinsu, kuma masu duhun fata sun fi tsira daga ita.

Amma kada ki kashe wa yaran gwiwa kan batun mai. Malalarsa na cutar da huhun dolfin sosai, tunda iska suke shaƙa, ba kifaye ba ne, nono suke shayarwa. Ki faɗa musu kuma cewa wel na zuwa tekun Gini, har kusa da Legas, wajen watan Yuli zuwa Oktoba, don haihuwa.