Dalilin da a-kori-kura mai gas ke shan mai idan tana jan tirelar kwana

Ka ce ka ga masu manyan a-kori-kura a Amurka, irin su Ford F-250 da Ram 2500, suna kukan cewa da zarar sun ɗaura tirelar kwana, ɗakin nan mai taya da suke ja zuwa yawon hutu, shan mai ya kusa ninkawa. Kana tambaya ko injin ne ke da matsala, ko kuwa tsimin da ake cewa gas, wato man dizal, yana da shi zance ne kawai. Zauna, yarona, tambayar nan ta aiki ce.

Injin lafiyarsa ƙalau. Irin waɗannan motoci, idan ba su ja komai ba a kan babban titi, sukan yi mil 18 zuwa 20 da galan ɗaya, wato kusan kilomita 8 ke nan da lita. Ɗaura musu doguwar tirela, sai su sauko mil 10 zuwa 12, kilomita 4 zuwa 5 da lita. Wanda ya samu haka bai yi asara ba, abin da aikin ke ci ke nan. Gas kuma yana nan da tsiminsa, don ƙarfin da ke cikin litarsa ya fi na litar fetur da kashi goma cikin ɗari ko sama da haka, kuma injinsa yana ba da ƙarfin ja tun bai yi ƙara ba. Mai fetur da zai ja tirela iri ɗaya zai fi shan wahala a gidan mai.

Kada ka nemi amsar a takardar kamfani. Hukumar EPA, mai kula da muhalli a Amurka, ba ta ma liƙa takardar shan mai a kan a-kori-kurar da nauyinta da lodi ya wuce fam 8,500, kusan kilo 3,850. Ƙanana da take gwadawa kuwa, ba tirela a bayansu lokacin gwajin.

Abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne iska. Yawancin yara nauyi suke fara zargi. Nauyi yana da nasa, amma wajen tashi daga tsaye da hawan tudu yake cin mai. Idan mota ta miƙe a shimfiɗaɗɗen titi, da iska take kokawa. Babbar tirelar kwana faɗinta ya kai mita biyu da rabi, tsayinta ya kusa mita huɗu, ta zarce kan motar nesa ba kusa ba. Ka tuna yadda ake ji idan aka ɗauko fallen kwanon rufi a tsaye a bayan babur, kwanon ba shi da wani nauyi amma hannu kamar zai cire. Shi ya sa tirela marar bango da ke ɗauke da ƙarfe mai nauyi takan fi dogon akwati marar komai a ciki sauƙin mai.

Gudu kuma ba daidai wa daida yake ƙara turjiyar iska ba. Idan ka ninka gudu, turjiyar sau huɗu take ninkawa. Daga kilomita 80 zuwa 100 a awa kaɗai, ta ƙaru da fiye da rabi. Idan kuma iskar gaba ce ke kaɗawa, gudunta haɗuwa yake da naka. Direban da ya ɗaga ƙafa daga totur ya tsaya wajen 90 zai ga bambanci a tanki fiye da duk abin da za mu kwance mu ɗaura masa a gareji. Ya bar giya ta sauka a kan tudu, kada ya matsa wa injin a babbar giya yana nishi, zafi kawai zai tara.

Wannan karatu zai yi maka amfani a nan gida, ranar da mai Hilux zai shigo yana jan tankin ruwa ko janareta, ya ce a kwance masa nozul, bakin da ke fesa mai a cikin inji, don mota ta fara shan mai. Kada ka taɓa nozul tukuna. Sa shi ya cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ya mayar da ma'aunin tafiya sifili, ya je ya dawo ta hanya ɗaya, ya sake cikawa a famfon da ya sha da farko. Raba kilomita da lita. Lambar da ke kan allon gaban direba kintace ce ta kwamfuta, sau da yawa takan faɗi abin da ya fi gaskiya daɗi.

Idan lissafin ya wuce ninki sosai, to a nan aikinka ya fara, kuma daga tirelar za ka soma. Gwada iskar kowace taya da geji, ba da ƙafa ba. Bayan ɗan gudu, kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace ƙafa, a hankali, wadda ta fi sauran zafi birkinta na kamawa ko boris ya bushe. Duba zaman tirelar, ya kamata kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya sauka a kan ƙugiya, ta zauna a miƙe, ba hanci sama ba. Sai ka dawo kan motar, ka ciro matatar iska ka ɗaga ta a rana. Idan duk waɗannan lafiya lau, kuma salansa na fitar da baƙin hayaƙi, kira ni mu duba nozul tare.